Baƙo da Ƙanensa

Ƙarfe biyu saura na dare a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa.
Maarika na zaune, safa biyu a kowace ƙafa,
shayinta ya huce ba ta ko kurɓa ba.
Allon ya ce: gini ya rushe.

A kwamfutarta kuwa ya tsaya daram,
sau uku ta gwada, sau uku ya miƙe.
Amma kwamfutarta tsohon gida ce,
shekara tara ana shigo da kaya ba a fitarwa,
duk abin da ka nema yana nan a wani lungu
ko ba ka tuna ranar da ya shigo ba.

Injin gini shi ɗaki ne da aka share tas.
Ba ya ba ka ko allura
sai wadda ka rubuta sunanta a takarda.
Ba ya sanayya. Ba ya cewa ai mun saba.

Ta bi sawun kuskuren layi-layi.
Manhajarta ta taswira tana son laburaren hoto,
ta kuwa rubuta shi, ga sunan nan ɓaro-ɓaro,
ƙunshin magina, ba na masu amfani kawai ba.
Sai dai shi laburaren, can a layi na arba'in da ɗaya,
ya kira wani, mai matse bayanai,
kamar baƙon da ka gayyata shi kaɗai
ya iso ƙofa yana waige: ina ƙanena?
Ba wanda ya taɓa rubuta cewa yana da ƙane.

Da ta so, sai ta ƙara sunan ƙanen a tata takardar
ta ja bargo.
Ta leƙa, ashe mutum talatin da bakwai sun riga ta,
kowa ya tara ƙwarya a saitin gadonsa
ya bar rufin yana yoyo.
Wani a Recife, wata a Pune,
wani ko suna bai bari ba, sai gajeren rubutu:
ban san dalili ba, amma kada a cire.

Ruwa ba ya tsami banza.
Mai riƙon ƙunshin Valdur ne,
tsohon malamin lissafi a Viljandi.
Wasiƙarsa ta ƙarshe ta Afrilun bara ce:
idona na hagu ya soma hazo,
ku yi haƙuri da jinkirina.

Ta hau rufin da kanta.
Layi ɗaya ta ƙara, kalma uku da waƙafi.
Sai ga wata sabuwa:
shi ma ƙanen, kafin ya haɗa littafin bayaninsa,
sai ya nemi yayan.
Mutum biyu a bakin ƙofa,
bismilla ka fara, a'a kai dai ka fara,
sanyi na shiga, ba wanda ya shiga.

Ta ce wa ƙanen: shigo haka nan, bar littafin a waje.
Ta gina shi tsurarsa,
ta gina yayan a kansa,
sannan ta koma ta ɗauko littafin.

Huɗu da ashirin allon ya yi kore.
Motar kwashe ƙanƙara ta wuce ta ƙasan taga
tana kankare titin Kalevi.
Ba tafi, ba kowa. Firiji kaɗai ke gunaguni.

Ta rubuta wa Valdur,
ta ƙara girman haruffan har sau biyu,
ba ta ce ka manta ba,
ta ce ga wani ɗan abu, duba in ka samu sarari.

Amsar ta zo da hantsi, tana goge baki,
harafi biyu sun hau kan juna:
Na gode, 'yata.
Na san da ƙanen nan tun ranar da aka haife shi.
Na ɗauka kowa ya sani.