Ayarin Kalmomi

Da furfura na koma ɗan makaranta,
shekara hamsin da bakwai, gwiwa tana ƙara,
don na gaji da tafinta a Kantin Kwari
mai cin riba tsakanin bakina da kunnen baƙo.
In shimfiɗa magana turmi guda,
ya miƙa musu ƙyalle.

Malamina Wen, ɗan Sin, siriri kamar sillen kara,
ɗakinsa na bayan sito, da buta mai ruwan toka.
Daren farko na so in ce uwa, sai na ce doki.
Ya yi dariya har tabarau ya zamo kan hanci.
Na ce, dakata, mu ma muna da wannan tarko:
ɗaga murya, sauke murya,
kukan jariri ya koma kukar miya,
farin yadi ya zama farin da ke ƙone gona.
Ya jawo biro ya rubuta.
Ranar ni ne malam.

Ya tsiyaya mini ruwan ganye, ba madara, ba zaƙi,
ya ce sunansa ca.
Na juya kalmar a baki kamar ɓarin goro.
Ca. Shayi.
Ashe abin da Mato ke sheƙawa a Fagge tun asuba,
hannu sama, kofi ƙasa, ko ɗigo ba ya zuba,
a raƙumi ya taso, ya kwana Farisa,
Larabawa suka naɗa masa rawani,
sannan ya zo ya zauna kan bencinmu
yana amsa gaisuwa kamar ɗan unguwa.

In an zuba maka, in ji Wen, taɓa tebur da yatsa biyu,
godiyar ke nan.
Karɓi abu da hannu biyu. Na ce, wannan mun gada.
Amma kada ka ba mutum kyautar agogo,
a wurinmu tamkar ka auna masa likkafani ne.
Na yi tsit.
Wanda na sayo masa a Sabon Gari
yana cikin aljihun 'yar sharata yana bugawa.
Surukina ne ya ci rabonsa.

Na kai labari gida, Rahanatu na tankaɗe.
Ita da ke karatun harshe a Bayero ta ce,
Baba, takardar da kake rubuta bashi
Buzaye suka sauke ta, su ma aro suka yi daga Rumawa.
Kasuwa ta Barno ta biyo.
Akwati da ashana, Yarbawa suka ɗauko.
Sisi da kobo, har kantin da kake taƙama da shi,
guzurin Bature ne da ya manta.

Raina ya ɗan sosu.
Na ce, to me ya rage namu?
Ba ta ko ɗago kai daga rariya ba:
Bakin da ya tauna su, Baba.

Na kwana da wannan.
Na ga ayari na shigowa ta Ƙofar Ruwa,
kalmomi da ƙafa duk faso,
ba wanda ya tambaye su shaidar gari.
Fatoma ya ba su ɗaki, aka kai musu fura,
shekara ta zagayo, sun yi aure a Dala,
jikokinsu yau ba su san hanyar gida ba.

Har yanzu Sinancina ɗingishi yake.
Na iya tayi, na iya albarka,
na iya cewa yadin nan zai koɗe.
Tafinta ya daina gaishe ni.

Jiya na ji Wen a bakin sito
yana ce wa ɗan dako sannu da aiki,
ya ja sannun har ta yi wutsiya.
Watan gobe zai koma gida, da ita a bakinsa.
Wa ya sani, ko wata rana can
wani yaro ya juya ta kamar ɓarin goro,
ya tambayi kakansa daga ina ta taso.