Mai Farin Zane

Mu uku muka tafi, daren Asabar, gari ya yi shiru,
ni da Barau da Tanimu mai sabuwar waya.
An ce a bayan layin dogo,
inda Kano ta haɗiye wani ƙauye ba ta tauna ba,
akwai majami'ar da rufinta ya rufta,
akwai kaburbura goma sha wani abu,
akwai kuma mai farin zane da ke fitowa in dare ya raba.

Mai shayi ya rantse ya gan ta.
Wani mai adaidaita ya ce ko shata aka ɗauke shi
ba ya bin lungun.
Tanimu ya ce, "Minti biyu kawai nake so,
ko inuwarta ce, gobe duniya ta kalla."
Barau ya cika baki da addu'a,
ya cika aljihu da gyaɗa.

Ta gefen kwata katangar ta zube, nan muka haura.
Ƙarangiya ta yi mana maraba a ƙafar wando.
Gidajen bulo sun kewaye wurin, duk sun ba shi baya,
ba taga ɗaya da ke kallon nan.
Janareton wani gida na ta tari.
Na haska tocila:
gicciyen ƙarfe ya sunkuya kamar mai neman allura,
siminti ya tsage, sunaye sun sha damina sun ƙoshi.
Dogara. Saratu.
Wani jariri da aka rubuta masa kwana tara.
Ban san lokacin da na rage murya ba.

Jemage ne ya fara razana mu, sai akuya.
Barau ya yi wa wata leda salati
da iska ta rataye a reshen darbejiya.
Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai ƙarar ruwa.
Ba na sama ba, na buta, a hankali, kan ƙasa mai ƙishi.
Ga ta can a durƙushe, fara fat.
Tanimu ya ɗaga waya, hannu na rawar mazari,
ƙafafuna kuwa suka ce ba da su ba.

"Ku kawar min da wutar nan daga ido," in ji fatalwa.
"'Ya'yan gidan wa ne ku?"

Fatalwa da silifas.
Fatalwa da carbi a wuyan hannu,
da warin man zafi, da ɗan lauje.

"Wannan Laraba ce," ta ce, ta dafa simintin.
"Ita ta haife ni, a ɗakin da yanzu ake cajin waya.
Ta bi nan, na bi can,
ba mu taɓa ɗaga wa juna murya a kai ba.
Duk azumi ita ke tashina sahur.
'Yan cocin sun watse, sun bar min ita.
Da rana idanu sun yi yawa, bakuna sun fi su.
Jikokina sun san dubiya nake fita.
Ai ban yi ƙarya ba."

Gyare ya ci gaba da abin da yake yi.

"Kai mai waya, tunda ka zo da wuta, haska min nan.
Kai dogo, tuge min wannan, bayana ya ƙi."

Muka tuge ciyawa har na Dogara, har na jaririn.
Barau ya miƙa mata gyaɗa,
ta ce da wane haƙorin?
Tanimu ya daɗe yana kallon abin da ya ɗauka,
sannan babban yatsansa ya yi abin da ya dace.

Da safe mai shayi ya tsaya da juya kofi.
"Kun gan ta?"
Benci ya yi tsit.
Barau ya ce, "Mun gan ta. Tsawonta ya kai darbejiya.
Kada wanda ya sake zuwa wurin."

Na miƙa hannu karɓar burodi,
ƙasar Laraba na nan a ƙarƙashin farcena.