Bakwai Sun Koma Uku

Sha ɗaya na dare a Busan.
Jiragen ruwa na gunji can ƙasan tudu,
ni kuwa ina kan teburin da Inna ke gyaran kifi,
na shimfiɗa jarida, na ɗora kwamfuta,
sunayen makarantu bakwai sun jeru
kamar masu neman ƙuri'a.

Ta Landan, an ce daga ƙofarta sai ƙofar banki,
ko ruwa ake kwat ɗinka ba za ta jiƙe ba.
Na juya kuɗinta zuwa namu,
sifili suka biyo juna kamar jerin gwano,
sai da na sa yatsa na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Ta Amurka shekara biyu cur,
albashi na barci, bashi na ƙiba.
Ta Singafo kusa take:
in Baba ya sake zamewa a banɗaki
zan iso kafin a sallame shi.

Mujallar bara ta sa wata ta uku,
ta bana ta wurga ta ta tara.
Ginin bai gusa ba, malaman ba su mutu ba,
to me ya faɗi?

Mutum goma sha biyu na rubuta wa, waɗanda suka gama.
Biyu suka amsa.
Ɗaya ya ce ba karatu ake saye ba, lambobin waya ne.
Ɗayar ta kira ni daga ofis ƙarfe biyun darensu,
tana hamma tana cewa ba ta da-na-sani.

Inna ta fito shan ruwa.
Bok-sun, shekara talatin da ɗaya a kasuwar bakin teku,
littafin bashinta duk ɓawon kifi,
ba ta taɓa mance wanda ya biya ba, balle wanda ya gudu.
Ta leƙa ta kafaɗata. Ba ta jin Turanci,
hotunan ta kalla: ciyawa, haƙora, rigunan digiri.
Ta ce, Gyuri, ba a tambayar mai kifi ko kifinsa na yau ne.
Ido ake dubawa.
Bar na ɗayan aji, kowa na da na ɗaya.
Na ƙarshe, ina ya kwana?

Da wannan na soke biyu.
Aljihu ya soke ɗaya.
Ta huɗun ni na soke da kaina,
don na gane sunanta kawai nake so in faɗa
a gaban 'yan ajinmu ranar bikin wani.

Saura wasiƙar shaida daga Mista Pyo,
wanda ya koya mini rufe lissafin wata,
wanda har yau bai san zan tafi ba.
Sau uku ina tsayawa bakin ofishinsa
in ɓige da tambayarsa ko yana son shayi.

Sai tambayar da dukansu suka yi, baki ɗaya:
me ya sa harkar kuɗi?
Na rubuta shugabanci, na goge.
Na rubuta kawo sauyi, na ji kunya.
Gaskiyar ita ce ina da shekara tara
wani mutum mai jaka ya shigo da takalminsa,
ya manna jar takarda a firij, a talabijin,
har a injin waldar Baba.
Ya yi sallama cikin ladabi.
Baba ya rusuna masa.
Tun ranar nake son sanin abin da ke cikin jakar nan.

Ban san ko ana rubuta irin wannan ba.
Na bar shi.

Da asuba na tarar da ambulan ƙarƙashin kwamfuta,
kuɗin fom uku, da ɗan canji,
takardun sun yi laushi, suna ƙarnin teku.
A bayansa ta rubuta kwanan wata,
da sunana,
kamar yadda take wa kowa.