Fito a Galma

Ruwa ya sha kan gada tun daren jiya,
sai muka gangara mafita,
ni da allon da na zana,
naɗe cikin tsohon zanen Inna.
Baba Jatau ya kafa gora a laka,
ya ce, "Zauna tsakiya, ɗan jami'a,
Galma ba ta san digiri ba."

Wata huɗu na yi a Samaru
ina kokawa da shuɗi da ruwan ƙasa.
Malamina ya ja da baya, ya kanne ido,
ya ce aikin ya fara magana.
Ni dai ban ji me ya faɗa ba.

Tsakiyar kogi ga zalɓe kan ƙafa ɗaya,
ko kallo ba mu ishe shi ba.
Tsari ya sulale daga kututture,
ya ja layi a ruwa, ruwa ya share.
Balbelu sun rufe wani gawo fat
kamar shanyar gida mai yawan 'ya'ya.
Mai tallar yalo ta ce, "Ku yi shiru, dinya ce!"
Muka yi tsit,
har akuyar da ke ɗaure a ƙafata.

Iska ta yaye gefen allon.
Baba Jatau ya leƙo: "Wannan fa?"
Na ce sunansa Kewa ta Uku.
Ya ce, "Juya shi."
Na juya, sama ta koma ƙasa.
Ya daɗe yana kallo har jirgi ya karkace.
"Ai bakin fadamarku ce da asuba.
Ga ramin da tarwaɗa ke kwana.
Amma ka manta sauro."

Dariya ta tashi balbelun,
gawo ya tsaya tsirara.

Ɗigo ɗaya daga gorarsa
ya faɗa kan shuɗin, ya gangara,
ya tsaya daidai inda hannuna
ya yi wata huɗu yana inda-inda.
Na ɗaga haɓar riga zan goge,
sai na fasa.

A gaɓa ya karɓi ɗari biyu,
ya ce kogi ba ya biyan kuɗin fito,
don haka allon kyauta ya haye.

Inna na tsaye, laka har idon sawu.
Ta warware, ta duba ciki da baya
ko fenti ya taɓa,
ta yafa zanenta,
ta bar ni da nawa.