Bango Ɗaya Ne Tsakaninmu

Wanda ya tashi daga gidan nan kafin mu shigo
ya bar fiyano a falo, don ya fi ƙarfin ƙofa.
Shekara huɗu yana tsaye kamar baƙon da aka manta da shi,
a kansa muke tara makullai da takardun kuɗin wuta.
Ranar da na cika hamsin da shida
na ɗaga murfinsa, ya washe mini baki:
haƙora farare, haƙora baƙaƙe, biyu sun daina magana.

Na ce, ni Ɗanjuma,
da na koyi gyaran rediyo a Gusau ba wanda ya riƙe mini hannu,
na tsinci Turancin Sheffield a bakin fasinjoji,
na haddace tudunta da kwarinta a bayan sitiyarin bas,
akwatin katako ne zai gagare ni?

Na jingina waya da kofin shayi.
Wani yaro a ciki, yatsunsa kamar ruwa a gangara,
ya ce kwana talatin sun isa.
In ya yi sauri in tsayar da shi, in mayar da shi baya,
ba ya tsaki, ba ya duba agogo,
ba ya karɓar fam talatin a kan rabin awa.
Sai dai ni nake ganinsa,
shi ba ya ganina.

Dama ta kama hanya, hagu ta turje,
kamar shanun huɗa da ba su taɓa haɗa karkiya ba.
Wuyan hannu ya soma zogi.
Barira ta leƙo daga kicin, ta ce,
"Icce dai tun yana ɗanye..."
Ba ta ƙarasa ba, ta koma kan miyarta.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da Misis Ollerenshaw,
shekarunta tamanin da ɗaya, ita da kyanwarta.
Kullum na iso wani wuri a kiɗan
sai in ji ƙwas, ƙwas, daga wancan ɓangare.
Na ce na dame ta.
Na ɗauki dambun nama a kwano, na je ban haƙuri.
Ta ce, "Ba ƙarar ba ce.
Mako uku kana tsallake baƙin nan guda,
kana taka farin da ke gefensa.
Haƙorana ma sun fara ciwo."

Ashe shekara arba'in ta yi tana koyar da yaran unguwa.
Ta zaunar da ni a kujerar da 'yan bakwai suka goge,
ta buɗe littafi mai hoton agwagwa,
ta ɗaga wuyan hannuna da fensir.
"Sauke kafaɗa, ba buhu ka ɗauko ba.
Ba hon ɗin bas kake dannawa ba.
Ɗauka akwai ƙwai a tafin hannunka."
Gemu ba ya hana ilimi, haka ne,
amma ranar nan ya yi mini ƙaiƙayi.

Ta ƙi kuɗi.
Ni nake fitar mata da kwandon shara daren Talata,
ita take ƙirga mini ɗaya, biyu, uku ranar Laraba,
ba ta taɓa cewa madalla ba,
sai dai "to, ba laifi, sake."

Ban jefar da yaron waya ba, yana nan.
Kuma in na sauka aiki, ruwa na dukan taga,
nakan laluɓi wani amo da yatsa ɗaya,
wanda Inna ke gunguni da shi tana tankaɗe.
Ba ya cikin littafin agwagwa,
yaron waya bai taɓa jin sa ba,
wannan kam ni kaɗai zan koya wa kaina.

Jiya ina tsakiyarsa na ji ƙwas a bango.
Na ɗauke hannu. Shiru.
Na ci gaba, ƙwas, ƙwas, a hankali, daidai da ni.
Gyara take yi, ko kiɗan take bi?
Laraba zan tambaye ta,
in ban ji kunya ba.