Ɗigo Uku a Ƙugu

Gidan Eleuterio na can saman tudun Valparaiso,
matakala sittin da uku tsakaninsa da titi.
Tun da sankara ta baro huhu ta tare a ƙashin ƙugunsa
bai ƙara ƙirga su da ƙafa ba.

Ximena ta ɗiga masa tawada sau uku,
ƙanana kamar ƙwayar riɗi.
"Kar ka motsa," ta ce, "ko tari ne, riƙe."
Ta fita, ta ja ƙofa mai nauyi.
Injin ya zagaya shi yana gurnani,
koren layi ya ratsa cibiyarsa.
Ba zafi, ba sanyi.
Ya ce a ransa: yaudara ce.

Likita ba ta ɓoye masa ba:
hasken ba zai kori baƙon ba,
zai dai sa ya sassauta murya.
Kwana biyu ciwon ya ƙara hargowa
kamar karen da aka taka wa wutsiya.

Ran na sha ɗaya
ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa da hannunsa.
Ya sauka ashirin, ya zauna
yana kallon kwalekwalen masunta na shigowa.
Sauran arba'in da ukun
ya ce su jira gobe.