Alhamis ɗin Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo
a rumfar kwano, gefen babbar kasuwar Maraɗi.
Yanzu kowa a salula yake duba lokaci,
ni kuwa ina zaune da madubi a ido ɗaya
ina gadin agogo goma sha bakwai da masu su suka manta.
Kowanne da ƙarfen da ya tsaya a kai.
Ni ma haka.

A kan benci rana take tsallake ni:
shayi zagaye uku, dara da Tanko mai walda,
gardamar kuɗin gero, gyangyaɗi.
In an ce, "Ina aiki?" in ce, "Da godiya,"
alhali wunin ya tsiyaye kamar ruwa a kwando.

Daren wata Laraba aka yi ruwa da iska.
Da safe na biyo ta bayan majami'a,
na tarar da Maman Keziya, matar fastonmu,
tana kwalfe ɗaki da ƙwarya,
littattafan lakkal a kan igiya kamar wanki.
Fasto Barnaba ba ya nan.
Ƙarfe biyun dare aka buga masa ƙofa,
ya hau babur cikin taɓo zuwa Danja
wurin wani da numfashi ke yi wa gardama.
Wanin nan ƙanen matata ne.

Na ce mata, "Ya ruwa?"
Ta yi dariya ta ce, "Ya yi gyara."
Na ɗaga kai, sai ga sama ta cikin rufi.
Yowel, autansu, ya ja mini riga:
"Baba Lado, agogon babanmu ya lalace ne?
Kullum sai ya ce minti biyar zai dawo."

Ni da na san cikin kowane agogo
ban sami abin ce wa yaro ba.

Mu ne muka cinye mintocin nan.
Suna, mu kira shi. Biso, mu kira shi.
Faɗan miji da mata a kan kuɗin cefane, mu kira shi.
Ran Lahadi mu jefa dala ashirin a jakar baiko,
mu ɗaga murya a waƙa,
mu koma gida kamar mun biya bashi.
Kowa na zura guga a rijiyar nan,
ba mai tambayar wa ke yashe ta.

Ya Yesu, awa ashirin da huɗu ka ba ni,
daidai da na gwamna, ba ka rage mini ko ɗaya ba.
Na kashe su wajen tura duwatsu a rami.
Kuɗi ba ni da su, ka sani.
Amma ina da Alhamis.

Ta fari, na sayar da rediyona na sayo kwano biyu,
Tanko ya kawo tsani, ya ƙi karɓar ko dala.
Ta biyu, Hannatu ta auna tiya uku ta kai,
ta zauna suka yi tsifa da hira har yamma.
Sai ran nan muka ji Maman Keziya na da uwa a Tasawa
da ba ta gani ba, damina huɗu ke nan.
Ta uku, ni da Yowel muka yi kokawa da lissafi,
ya kayar da ni sau biyu.

Yanzu da yammar Alhamis ina kafa kujera a ƙofarsu.
Mai larurar gaske, in shigar da shi.
Mai ƙarar akuyar maƙwabci, in ce, "Zauna, gaya mini,
ai ni ma dattijo ne."
Daga ciki ina jin ƙarar kwano da dariya,
uba na cin tuwo da ƴaƴansa
daga loma ta fari har suɗe akushi.

Ban zama waliyyi ba.
Litinin tana kama ni a bakin dara har yau,
agogo goma sha bakwai na nan inda suka tsaya.
Sai dai jiya Yowel ya leƙo rumfa ya ce,
"Ka gyara na babanmu, ko?"
Na ce ban taɓa shi ba.
Ya dube ni, bai yarda ba.